Babi na Shida: Idan Allo na Biyu Ya Ƙi Kawo Hoto

Laftof ɗaya ce, wayar HDMI ɗaya, babban allon ma shi ne dai wanda ke kan tebur tun jiya. In aka tayar da ita a kan Windows, kafin mutum ya gyara zama hoto ya fito. In aka sake kunnawa aka zaɓi Ubuntu, sai allon ya yi baƙi ƙirin, rubutun “No Signal” ya ɗan yi yawo a kansa, daga nan ya shiga barci. Cikin matsalolin da ke biyo bayan raba faifai gida biyu, wanda aka yi bayaninsa a babin baya, da wuya a samu wadda ta kai wannan saurin kashe wa mutum gwiwa. Ɗalibin da zai gabatar da aikinsa da majigi a gaban malamai ba shi da lokacin jira, haka ma mai rubuta manhaja da ya saba aiki da allo biyu. Da yawa nan take suke yanke hukuncin cewa Linux ba ta iya ba, su goge ta su huta.

Masu faɗawa wannan hali kuma ƙaruwa suke yi. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa ba ta karɓar yawancin injinan Intel da suka girmi zubi na takwas. Laftof na hannu da ake sayarwa a Beirut Road ta Kano ko Banex ta Abuja, ba kaɗan ba ne a cikinsu ke wannan aji, kuma masu su sukan ɗora Ubuntu ko Linux Mint a gefen tsohuwar Windows. Ga kuma ɗaliban kimiyyar kwamfuta da ke saka Kali don koyon tsaron intanet.

Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne, Windows ɗin da ke zaune a ɗaya ɓangaren faifan ta riga ta yi rabin binciken. Tunda ta nuna hoto, waya lafiya take, kafar laftof ba ta ƙone ba, allon ma ƙalau yake. Mai babbar manhaja ɗaya ba shi da wannan shaida, sai ya yi ta aron wayoyi yana gwadawa. Mai guda biyu ya tsallake wannan wahala. Abin da ya rage masa shi ne gano inda saƙon ya maƙale a ɓangaren Linux, kuma wuraren da zai iya maƙalewa ba su da yawa.

Bakin wayar HDMI yana da haƙora 19, kuma ba duka ne ke ɗaukar hoto ba. Da zarar an cusa shi, laftof na tura wuta mai ƙarfin volt 5 ta haƙori na 18, allon kuma ya amsa ta haƙori na 19, alamar cewa an haɗu. Daga nan laftof za ta bi ta haƙori na 15 da na 16 ta karanto ɗan ƙaramin bayanin da ke ajiye a cikin allon, wanda ake kira EDID. Ƙungiyar VESA ce ta kafa wannan tsari a 1994, kuma tushensa bayit 128 ne kacal. A ciki allon ke faɗin kamfanin da ya ƙera shi, da shekarar da aka yi shi, da faɗinsa da tsayinsa, da girman hoton da ya fi dacewa da shi. Sai an gama wannan gaisuwa sannan ƙwaƙwalwar hoto ta laftof ke fara aika hoton kansa.

Linux ba ta ɓoye ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai. A taminal, wato allon rubuta umarni, in aka buga ls /sys/class/drm za a ga jerin sunaye irin su card1-eDP-1, wanda shi ne allon jikin laftof, da card1-HDMI-A-1, wato kafar HDMI. A cikin kowanne akwai fayil mai suna status, in aka buɗe shi kalma ɗaya ce a rubuce: connected ko disconnected. Wannan ɗan duba na minti ɗaya yana raba matsalar gida uku. Ko dai an ga allon amma ba a aika masa hoto ba, ko an ga kafar amma ba a ga allon ba, ko kuma sunan HDMI ɗin ma babu shi a jerin kwata-kwata.

Na farkon shi ne mai sauƙi. In an rubuta connected, Linux ta ga allon, kunna shi ne kawai ba ta yi ba. A GNOME, wato fuskar tebur ta Ubuntu, danna maɓallin mai tambarin Windows tare da harafin P yana sauya yanayi tsakanin allo ɗaya, allo biyu masu hoto iri guda, da allo biyu a jere, kamar dai yadda ake yi a Windows. Akwai kuma shafin saitin allo. Wani lokaci an taɓa kashe allon a can ne da kuskure, manhajar kuma ta riƙe.

Na ukun shi ne mai dogon labari, kuma shi ya fi cin mutane.

A 2010 kamfanin NVIDIA ya fito da wata fasaha da ya sa wa suna Optimus. Dabarar ita ce a sa ƙwaƙwalwar hoto biyu a laftof ɗaya: ƙaramar da ke cikin injin Intel, mai tattalin batir, don ayyukan yau da kullum, da babbar NVIDIA, wadda ke farkawa in an buɗe wasa ko aikin zane mai nauyi. A Windows mai laftof ba ya ma sanin ana sauyawa. Sai dai akwai abin da ba a rubutawa a jikin kwali. A laftof da yawa, musamman na wasanni da na injiniyoyi, masu ƙira sun jona allon jiki da Intel, amma kafar HDMI ko DisplayPort sun jona ta kai tsaye da NVIDIA. Tsohuwar ThinkPad W520 ta 2011 ta yi suna da wannan, kuma har yau haka ake yin yawancin laftof na wasanni. Abin ya yi kama da gida mai mita biyu, inda ɗakin baƙi ke kan mitar da ba a saya mata kati ba: ko an canza ƙwai sau goma, ɗakin ba zai kawo wuta ba. In NVIDIA ba ta tashi ba, Linux ba ta ma san akwai kafar HDMI a jikin laftof ɗin ba, alhali allon jiki na aiki sumul, shi ya sa mai ita ba ya zargin komai.

Shekarun farko sun yi wa masu Linux zafi, domin NVIDIA ba ta ba su Optimus ba. Masu sa-kai ne suka haɗa wata manhaja mai suna Bumblebee a 2011 don a lallaɓa. A watan Yunin 2012, a Jami'ar Aalto ta ƙasar Finlan, wata mata mai irin wannan laftof ta tambayi Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, game da lamarin. Amsar da ya bayar ta zagaya duniya: ya ce a duk kamfanonin da suka yi hulɗa da su babu wanda ya kai NVIDIA wahalarwa, ya kuma yi wa kamfanin alamar zagi da yatsa a gaban kyamara. Gyara ya zo, amma a hankali. Dave Airlie na kamfanin Red Hat ya gina tsarin PRIME, wanda ke ba ƙwaƙwalwa biyu damar miƙa wa juna hoto. NVIDIA ta fara bin wani ɓangarensa a 2013. Sai a 2019, da direba mai lamba 435, aka iya barin Intel na riƙe da allo ana tura wa NVIDIA aiki mai nauyi kawai, sannan a 2020, da lamba 450, aka iya fitar da hoton Intel ta kafar da ke jone da NVIDIA. Shekara goma ke nan tsakanin fitowar fasahar da cikar aikinta a Linux. Duk wanda ya karanta tsohuwar shawara a intanet ya kamata ya duba shekararta, domin maganin 2014 yana iya ɓata laftof ɗin da aka saita yau.

Gane ko mutum na cikin wannan aji ba wuya. Umarnin lspci -k yana jero kayan cikin laftof tare da direban da ke tuƙa kowanne. In aka ga layin Intel ko AMD, aka kuma ga layin NVIDIA, to ƙwaƙwalwa biyu ce. Sai a duba ƙarƙashin layin NVIDIA. In an rubuta nouveau, direban masu sa-kai ne, wanda aka gina ta hanyar bin diddigin yadda na'urar ke aiki ba tare da takardun kamfani ba. Aikin jarumta ne, kuma sau da yawa yana kunna allon waje, amma daga katunan GTX 900 na 2014 NVIDIA ta fara kulle wasu sassa da hatiminta, abin da ya hana nouveau tafiyar da su da cikakken gudu. Kali da Debian da Fedora da shi suke zuwa. In an rubuta nvidia, direban kamfani ne. In kuwa ba a rubuta komai ba, an gano bakin zaren.

A Ubuntu da Mint akwai umarnin prime-select, mai zaɓi uku. Wanda ya zaɓi intel don batir ya daɗe, ya kashe NVIDIA ɗungurungum, ya kuma kashe HDMI tare da ita ba da saninsa ba. Mayar da shi on-demand ko nvidia, sannan a sake kunnawa, yakan dawo da allon. Wasu laftof, irin su ThinkPad na jerin P, suna da zaɓi a cikin BIOS tsakanin “Hybrid Graphics” da “Discrete Graphics”. Na biyun yana miƙa komai ga NVIDIA, rikici ya ƙare, amma batir zai riƙa ƙarewa da wuri, fanka kuma ta yi ta ƙugi. Ga wanda ke zaune inda wuta ba ta tsayawa, wannan ciniki ne da sai an auna, kuma a tuna saitin BIOS ya shafi Windows ita ma.

To me ke sa a ga an saka direban NVIDIA lafiya lau, amma lspci ya nuna babu mai tuƙa katin? A nan ne zaman gida ɗaya da Windows ke shigowa kai tsaye.

Tun zamanin Windows 8, a 2012, laftof ke zuwa da wani mai gadi da ake kira Secure Boot, wanda ba ya barin manhajar da ba ta da hatimin da ya sani ta shiga zuciyar tsarin. Manyan nau'o'in Linux sun samu hanyar wucewa da hatimin da Microsoft ta buga wa wata ƙaramar manhaja mai suna shim. Amma direban da aka harhaɗa a kan laftof ɗin mutum, kamar yadda ake yi a Debian da Fedora da Mint, ko in an sauko da shi daga shafin NVIDIA, ba shi da wannan hatimi. Dole mai laftof ya yi nasa, ya kuma gabatar da shi ga mai gadin. Lokacin saka direban, ana tambayarsa ya zaɓi kalmar sirri ta wucin gadi. Ya rubuta, ya manta. Da ya sake kunnawa, sai wani allo shuɗi ya fito da rubutu ƙanana, yana ƙirga daƙiƙa goma. Wanda ya saba da Windows ya san shuɗin allo ba alheri ba ne, don haka ko dai ya naɗe hannu har ƙirgen ya ƙare, ko ya yi maza ya danna “Continue boot”. Allon ba zai sake fitowa da kansa ba. Daga nan Secure Boot zai ƙi direban NVIDIA, shi kuma nouveau an riga an dakatar da shi tun lokacin da aka saka na kamfani. Katin ya zama maraya, kafar HDMI ta ɓace.

Zancen da aka saba ji a bakin shagon gyara bai wuce wannan ba.

“Injiniya, wallahi a Windows yana yi. Ubuntu ɗin ce ta lalace, a yi mata fomatin kawai.”

Mai gyaran da ya san aikinsa ba zai taɓa filashi ba tukuna. “Tsaya, ƙanena. Ranar da ka saka direban, ba ka ga wani shuɗin allo ba?”

“Na gani, amma na wuce shi.”

Umarnin mokutil --sb-state zai faɗi ko Secure Boot na kunne. In aka gwada tayar da direban da hannu da sudo modprobe nvidia, amsar “Key was rejected by service” ta gama magana. A Ubuntu da danginta, hatimin na ajiye a /var/lib/shim-signed/mok/MOK.der, kuma sudo mokutil --import tare da wannan adireshi zai sake kiran shuɗin allon. Wannan karon sai a danna kowane maɓalli kafin ƙirgen ya ƙare, a zaɓi “Enroll MOK”, a amince, a rubuta kalmar sirrin. Ba za a ga haruffan suna fitowa ba, haka aka yi shi. Masu karatu a Nijar da Chadi da Kamaru, inda allon rubutu na Faransanci ya yawaita, su kula: shuɗin allon yana karanta maɓallai ne da tsarin Amurka, don haka A da Q, da Z da W, da M, da lambobi duk suna sauya wuri. Gara a zaɓi kalmar da ba ta da su. Ubuntu kanta ta rage wannan wahala, domin direban da aka saka ta hanyar ubuntu-drivers yakan zo da hatimin Canonical, kamfanin da ke yin ta, a jikinsa.

Akwai masu cewa a kashe Secure Boot a huta. Hakan na aiki, amma kada wanda ke da Windows a gefe ya yi shi da gaggawa. In BitLocker ya kulle faifan Windows, kuma laftof da yawa suna zuwa a haka ba tare da mai su ya sani ba, canza wannan saiti yana sa Windows ta nemi makullin ceto mai lamba 48 kafin ta buɗe. Wanda ya sayi laftof a hannu, makullin kuma yana cikin asusun Microsoft na wani mutum da bai taɓa gani ba, zai iya rasa duk abin da ya ajiye saboda neman allo na biyu. Wannan asara ce da ba ta da dalili. A nemo makullin a rubuta shi a takarda kafin a taɓa BIOS.

Wani abin da ke ɓatar da kafar HDMI kalma ɗaya ce: nomodeset. Mutum yana ƙoƙarin ɗora Linux, allo ya yi baƙi, aka ba shi shawarar ya ƙara wannan kalma a GRUB, wato manhajar da ke ba da zaɓi tsakanin Linux da Windows lokacin kunnawa, ya ƙara, aiki ya tafi. Abin da kalmar ke yi shi ne hana direbobin hoto na kenel, wato zuciyar Linux, karɓar ragamar allo, sai a ci gaba da ɗan hoton da BIOS ta bari, wanda allo ɗaya kawai ya sani. Magani ne na rana ɗaya, amma yakan zauna shekara a fayil ɗin /etc/default/grub. Umarnin cat /proc/cmdline zai nuna ko tana nan. A cire ta, a buga sudo update-grub, a sake kunnawa. Irin wannan alamar ce ke bayyana in laftof ta fi kenel ƙuruciya. Debian 12 ta fito a Yunin 2023 da kenel 6.1, injinan Intel Core Ultra na farko sun fito a Disambar shekarar, kuma sai a kenel 6.7 aka buɗe wa ƙwaƙwalwar hotonsu hanya kai tsaye. Babu saitin da zai gyara wannan in ba sabon kenel ba.

Saura na tsakiya: an ga kafar, amma allon ya ƙi gabatar da kansa yadda ya kamata. Wannan shi ne ciwon ɗakunan lacca. Majigin na rataye a sama tun shekaru, doguwar wayar VGA ta biyo bango ta sauko, laftof ɗin zamani kuma ba ta da kafar VGA, wadda IBM ta fito da ita tun 1987. Sai a sa 'yar adafta a tsakani. Adaftar nan ba mahaɗi ba ce kawai, akwai ƙaramin inji a cikinta da ke juya saƙon dijital zuwa na VGA, kuma da wutar haƙori na 18 yake rayuwa. Ƙa'idar HDMI ba ta wajabta wa laftof ba da fiye da miliamfiya 55 ba, wasu adaftocin kuma sun fi haka ci. Ƙaramar kafar USB da ke gefen wasunsu, wadda mutane ke ɗauka ado ce, ta ƙarin wuta ce. In hoto na zuwa yana ɗaukewa, a fara jona ta.

A wayar VGA, bayanin EDID ta haƙori na 12 da na 15 yake bi. In ɗaya ya lanƙwashe, ko wayar mai araha ce da ba a saka mata su ba, hoto zai wuce amma gaisuwar ba za ta yiwu ba. Windows takan jera wa mutum girma iri-iri duk da haka, ya zaɓa. Linux kuwa takan koma 1024 x 768, girman da ta tabbata kowane allo zai ɗauka, GNOME kuma ta rubuta “Unknown Display”. Fuskoki su yi faɗi, da'ira ta koma ƙwai. A X11, tsohuwar manhajar shimfiɗa tagogi da za a yi bayaninta a gaba, umarnin cvt 1920 1080 60 yana lissafo layin lambobin da ake buƙata, a miƙa shi ga xrandr da --newmode da --addmode. Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce a gaya wa kenel tun daga GRUB, da rubutu irin video=HDMI-A-1:1920x1080@60. Sunan kafar a nan na kenel ne, wanda aka gani a /sys/class/drm, domin xrandr yakan kira ta HDMI-1 ko HDMI-1-0, kuma wannan ɗan bambanci ya sha ɓata wa mutane dare.

Talabijin na da nata halin. Takan yanke gefunan hoto, gadon zamanin da tashoshi ke aiko gefe mai datti, har sandar sama ta Ubuntu ta ɓace. Gyaran a rimot yake: “Just Scan” a LG, “Screen Fit” a tsofaffin Samsung. In baƙi ya koma toka-toka, direban ya ɗauka talabijin ce mai karɓar launi daga 16 zuwa 235, alhali allon na jiran 0 zuwa 255. A Intel ana gyara shi da saitin “Broadcast RGB”. Sauti kuma sai an zaɓi HDMI a saitin sauti.

USB-C, wadda ta fito a 2014, ta kawo nata ruɗanin, domin kafa biyu masu kama ɗaya na iya bambanta a ciki. Wata na fitar da hoton DisplayPort, wata caji da fayil kawai ta sani, haka ma wayoyin. Amma wannan matsala ba ta zaɓen babbar manhaja, in ta hana Linux za ta hana Windows. Wadda ke zaɓe ita ce ta akwatin haɗi na tebur mai injin DisplayLink, irin Dell D3100 da D6000. Waɗannan ba sa karɓar hoto daga kafar laftof kai tsaye. Manhaja ce ke matse hoton ta tura shi ta USB kamar fayil, injin akwatin ya warware. Windows na sauko da direban da kanta a ɓoye, shi ya sa mai akwatin bai san akwai shi ba. A Linux, linzami zai yi aiki, allon rubutu zai yi, intanet ta waya za ta yi, allo kaɗai zai ƙi. In lsusb ya nuna sunan DisplayLink ko lambar 17e9, to sai an saka direban kamfanin, wanda ya fara bayarwa don Ubuntu a 2015, kafin Synaptics ta saye shi a 2020. Shi ma yana da ɓangaren kenel mai suna evdi, don haka shuɗin allon nan na jiran sa.

Yana da kyau kuma a kashe Fast Startup a Windows, domin da shi “kashewa” rabin barci ne. Ya fi taɓa faifai da Wi-Fi fiye da allo, amma cire shi daga lissafi ba ya cin komai.

In allon ya kawo hoto amma rubutu ya yi ƙanana a ɗaya ya yi manya a ɗaya, ko linzami na jan ƙafa, to maganar ta koma kan manhajar da ke shimfiɗa tagogi. X11 ta 1987 ce, an gina ta lokacin da ba wanda ya yi tunanin laftof mai allo 4K a gefen tsohon allon ofis, kuma ma'auni ɗaya take yi wa duka. Wayland, wadda Kristian Høgsberg ya fara a 2008, tana ba kowane allo nasa. Fedora ta koma kanta a 2016, Ubuntu ta gwada a 2017 ta janye, ta dawo a 2021. Masu NVIDIA sun daɗe suna fama da ƙyaftawar hoto a kanta har zuwa direba mai lamba 555 a 2024. Umarnin echo $XDG_SESSION_TYPE zai faɗi wadda ake kai, kuma yana da muhimmanci a sani, domin xrandr ba ya saita komai a Wayland. A Ubuntu 24.04 ana iya sauyawa da ɗan tambarin saiti da ke kusurwar shafin shiga.

Akwai kuma inda mai laftof ba shi da abin yi, kuma adalci ne a gaya masa da wuri maimakon a bar shi yana kwana a taminal. A Fabrairun 2024, injiniyan AMD Alex Deucher ya sanar cewa HDMI Forum, ƙungiyar da ke riƙe da ƙa'idar HDMI 2.1, ta ƙi amincewa a saka ta a buɗaɗɗen direban AMD na Linux, bayan an shafe watanni ana aikin. Sakamakon a lokacin shi ne allon 4K da ke sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa a Windows ba ya samun cikakken ingancinsa ta HDMI a Linux, a kan na'ura ɗaya. Mafitar ita ce DisplayPort, wadda VESA ke riƙe da ita. Haka labarin Mac. Lokacin da Apple ta koma injinta na M1 a 2020, Boot Camp, wanda tun 2006 ke ba da damar ɗora Windows a gefe, ya tsaya a tsofaffin Mac masu Intel. Hector Martin da abokan aikinsa suka kafa Asahi Linux, suna tono yadda injin ke aiki ba tare da takarda ko ɗaya daga Apple ba. Da aka saki Fedora Asahi Remix a Disambar 2023, kafar HDMI ta MacBook Pro na aiki, amma hoto ta USB-C bai samu ba tukuna, MacBook Air kuwa ba ta da wata kafar allo sai USB-C. A duka misalan biyu, gwanintar masu rubuta direba ba ita ce ta gaza ba. Wanda ke riƙe da takardun na'urar ne bai buɗe su ba, kuma kamfanonin laftof Windows suke gwadawa kafin kaya su bar masana'anta.

Saboda haka wanda bai riga ya saya ba yana da damar da ya kamata ya yi amfani da ita. Filashi mai Ubuntu yana tayar da laftof ba tare da ya taɓa faifanta ba, kuma mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai hana a gwada ba. A jona allon waje a nan cikin shagon, a gwada HDMI da kowace kafar USB-C, a buga lspci -k a ga ƙwaƙwalwar hoto nawa ce a ciki. Laftof ɗin ofis masu Intel ko AMD zalla, irin yawancin ThinkPad T da Latitude da EliteBook, direbansu na cikin kenel tun asali, kuma galibi allon na kamawa kafin a saki wayar. In an ga NVIDIA a jerin, ba dalilin fasa ciniki ba ne, amma a shiga BIOS a duba ko akwai zaɓin sauya ƙwaƙwalwar hoto, a kuma tambayi mai shagon ko BitLocker na kunne, in yana kunne a karɓi makullinsa tare da rasit.